Hannun Da Zai Ɗauki Agogon Mudassiru

A ƙauyenmu Tsamiyar Kwari, tsakanin Kura da Bunkure, mu goma sha ɗaya ne muke ban-ruwa daga ƙaramin kanal guda a lokacin noman rani, kuma babu shekarar da ba a cin kwalar juna a kansa. Ƙa'ida dai kowa awa biyu. Ka jefa tiyonka a kanal, ruwa ya cika komayenka, wato fangalolin shukarka, ka janye, na gaba ya saka nasa. To amma awa biyun wa? Wayar wannan ba caji, ta wancan tana gida, ta wani kuma tun bara ta faɗa ruwa. Mai ban-ruwa kullum gani yake yanzu ya fara, mai jira kuma gani yake an shiga yini na biyu.

Shi ya sa Baba Badamasi, dattijon da yake shugabantar ƙungiyarmu, ya tara mu ya ce bana za a naɗa mutum ɗaya mai kula da lokaci. Shi zai ce wane fara, wane tsaya. Babu albashi, amma akwai usur, akwai riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan titi, kuma duk ranar da manyan baƙi suka zo daga Kano duba ruwa, shi zai tsaya kusa da su a ɗauki hoto. Ana ambatar riga da hoto sai Mudassiru ya miƙe tsaye.

Mudassiru maƙwabcina ne a gona. Shekara ashirin muna iyaka, ban taɓa ganin ya ƙarasa aikin da ya fara ba. A baki kuwa ya nome Kura da Bunkure, har yana neman shiga Garun Malam. A makon nan yayan matarsa, direban motar tumatir, ya kawo masa tsarabar agogon hannu na gwanjo daga Legas, na ƙarfe, mai nauyi kamar kwaɗon ƙofa. Shi ya zaro daga aljihu ya ɗaga sama.

Ya ce, "Jama'a, rigimar ruwa ta ƙare daga yau. Wannan agogon ba ya cin batir, ba ya ƙarya, ba ya da ɗan'uwa a cikinku. Amma da sharaɗi. In an ba ni aikin nan, kada wanda ya ƙara zaro min waya. Agogo ɗaya, magana ɗaya."

Baba Badamasi ya ce an ji. Za a gwada shi kwana uku, ranar ta uku da la'asar a zauna a yanke, in ya iya a ba shi riga. Ni kuwa, Allah ya sani da 'yar mugunta a raina, sai na ce, "Mudassiru, a wane hannu za ka ɗaura shi?"

Ya dube ni, ya dubi hannuwansa biyu kamar yau aka ba shi su. Ashe kwana huɗu a aljihu yake yawo da agogon, wannan tambayar ce ta hana shi ɗaurawa. Amma ya yi ta maza ya ce, "Hagu mana, Iliyasu. Kai ba ka kallon labarai? Duk wani babban mutum a hagu yake ɗaurawa. Wannan ilimi ne, ba shuka albasa ba."

Ranar farko layinsa ne da sassafe. Duk wanda ya taɓa tayar da tiyo ya san yadda ake yi: ka nutsa shi cikin ruwa, ka toshe bakinsa da tafin hagu, dama tana turawa tana ja, har ruwa ya kama hanya. To hagun Mudassiru yanzu ta zama amarya, ba ta shiga ruwa. Ya juya aikin, ya toshe da dama ya tura da hagu, tiyo ya yi ta tusa babu ko ɗigo. Ya gwada toshewa da gwiwa, ya kusa kifewa. Daga ƙarshe ya ɓoye hannun a bayansa, ya durƙusa ya kafa baki ya zuƙa. Ruwa ya zo, kuma bai zo shi kaɗai ba. Sai da ya yi tari sau bakwai kafin wani ɗan ƙaramin kwaɗo ya fito ya kama gabansa.

Na ce, "Sannu. Ƙarfe nawa ya shiga, ƙarfe nawa ya fita?"

Ya goge hawaye ya ce, "Dabara ce. Ina ɗanɗana ruwan ne in ji ko da gishiri."

Da hantsi Baba Badamasi ya zo zagaye da sandarsa, mutane sun kewaye shi ana gaisawa. Ya ce, "Mudassiru, ina muke a lokaci?" Maimakon ya duba ya faɗa da baki, sai gogan naka ya taho da sauri ya cusa wa dattijo hannun hagu a ƙarƙashin hanci, yana juya shi don ƙarfen ya kama rana. Baba ya ja da baya kaɗan.

"Ni kake miƙo wa hagu? Ubanka ma da dama yake miƙo min goro."

"Baba, ba ni ba ne, agogon ne."

"To ka koya wa agogon ladabi kafin gobe."

Da yamma muna komawa gida sai Mudassiru ya ce da ma shi ya san hagu kuskure ce, ya yi ne don ya gwada fahimtarmu. Hannun da ake kama buta a je bayan gida da shi ina shi ina ɗaukar amanar jama'a? Gobe dama. Ya shiga gida ya naɗe agogon da sabon ɗankwalin matarsa Raliya, ya saka cikin langa ya rufe, ya ce kada wanda ya motsa shi.

Ranar ta biyu ya fito da agogo a dama, ya kuma fito da sabon ilimi. Ya ce cikin agogo akwai wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu laushi kamar gashin jariri, girgiza ita ce ajalinsu. Saboda haka ya tanƙwara hannun a ƙirji, ya tallafe shi da hagu, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. A ƙofar masallaci liman ya miƙo masa hannu, ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi min uzuri." Mai shayi ya miƙo, ya ba shi kafaɗa. Da ya ga hagun ta fara gajiya da tallafe, sai ya koma gida ya ɗauko mayafin Raliya, ya rataya hannun a wuya.

Kafin ya isa gona labari ya riga shi: Mudassiru ya karye. Wasu suka ce babur ne, wasu suka ce Baba Badamasi ne ya sa masa sanda saboda abin jiya. Gwaggonsa ta aiko da kunun tsamiya. Wani mai ɗori da yake kan hanyarsa ta zuwa Bunkure ya ji, ya karkato da kekensa don neman lada, ya same shi zaune a bakin kanal.

"Ina wurin?" in ji mai ɗori, ya riga ya kama gwiwar hannun.

"Malam, lafiyata ƙalau."

"Haka kowa yake cewa. Ku riƙe min shi."

Ban ɓoye muku ba, ni na fara riƙewa. Mutum uku muka danne shi, mai ɗori ya tofa addu'a ya ja hannun sau ɗaya, Mudassiru ya kurma ihu yana cewa a yi hankali da ƙananan ƙarafa. Mai ɗori ya lalube ƙashi tun daga kafaɗa har yatsu, ya saki, ya ce a shekarunsa talatin na sana'a bai taɓa ganin hannu mai lafiya da hutu irin wannan ba, ko kantar fartanya babu a tafinsa. Ya shanye kunun gwaggo ya hau kekensa.

Dariyata ba ta daɗe ba. Ranar nan layina ne da ƙarfe goma sha biyu, bayan Abdulsamad mai shinkafa, wanda aka buɗe wa tun goma. Albasata ta kwana shida ba ruwa, ganyenta ya fara kwanciya. Na jera tiyona a bakin kanal na zauna jira. Can na ce, "Mudassiru, duba mana."

Ya sunkuyar da kai cikin mayafi ya ce, "Sha ɗaya da minti goma."

Na ƙara jira. Inuwar dalbejiya ta tattare ta koma gindinta. Na sake tambaya, ya ce sha ɗaya da minti goma, kuma in daina gaggawa, gaggawa ce ta hana manomi ci gaba. Abdulsamad kuwa ya kwanta ya rufe fuska da malafa, shinkafa ba ta taɓa cewa ruwa ya ishe ta ba. Ana nan sai muka ji kiran sallar azahar daga gari.

Na ce, "To, ka ji."

Ya ce, "Ladan ya yi sauri. Zan yi masa magana."

Muka yi salla muka dawo. Aka kawo tuwo daga gida, muka kewaye kwano. Mudassiru ya dubi damarsa a rataye, ya dubi hagu, ya san in ya sa hagu a kwanon jama'a sai an yi da shi. Sai ya haɗiye yawu ya ce azumin nafila yake yi, alhali kowa ya gan shi da ƙosai da safe. Na zaro wayata zan nuna masa lokaci, ya ɗaga murya ya ce a shaida Iliyasu ya karya sharaɗi. Na mayar. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ina kallon albasata tana mutuwa da ruwa yana wucewa ta gefenta.

Da aka kira la'asar na je na kama hannun da ƙarfi na kara a kunnena. Shiru. Agogo ya mutu tun hantsi, mu goma sha ɗaya muna zaune muna yi masa biyayya.

Mudassiru ya ce, "Ba mutuwa ya yi ba. Mai ɗori ne ya firgita shi."

Ranar ta uku da sassafe na goya shi a babur zuwa Kura wurin Malam Uba mai gyaran agogo. Ba don tausayi na kai shi ba, so nake in ji da kunnena. Malam Uba ya karɓa, ya kara a kunne, ya kaɗa shi sau biyar kamar mai kaɗa kwalbar magani, sai ga tsinken agogon ya ci gaba da tafiya.

Ya ce, "Lafiyarsa lau, yunwa ce. Irin wannan agogon motsin hannu ne abincinsa. In hannu yana aiki, yana tafiya. In hannu ya kwanta, shi ma ya kwanta. Wa ya ce ka rataye shi?"

Mudassiru ya ce, "Da ma na yi zargin haka. Gwaji nake yi."

"To ka daina gwaji. Ka ɗaura shi a hannun da ya fi yi maka aiki."

Mudassiru ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan teburin yana nazari. Ya daɗe. Na ce, "Malam Uba, ba a ɗaura shi a haɓa? Nan ne dai na san ba ya hutawa." Malam Uba ya yi dariya har gilashinsa ya zame, Mudassiru kuwa ya ce hassada ba ta kashe agogo.

Daga nan ya yanke shawarar da ta fi duk na baya. Tunda motsi ake so, ai ba sai an yi aiki ba, kaɗawa ma motsi ce. Zai ɗaura a dama ya yi ta kaɗawa, in ta gaji ya mayar hagu, kowane hannu ya samu rabonsa, babu wanda aka zalunta. Tun a kan babur ya fara. Mai a-daidaita-sahu ya ga ana ɗaga masa hannu ya taka birki, muka kusa shigewa cikinsa. Wata motar buhuna ta zaci an ce ta wuce, ta bi ta gefenmu da ƙaho. Mutanen bakin hanya duk suka yi ta ɗago mana hannu, wani ma ya biyo mu da gudu yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce ya sauke hannun nan ko in sauke shi gaba ɗaya, ya ce in kula da tuƙina, shi yana ciyar da amanar jama'a.

La'asar ta yi, aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron da yake ƙarshen kanal don yanke hukunci. Kusa da wurin akwai fili mai kwari, inda matan gari suke baza shinkafar da suka turara a kan tamfol ta bushe. Ranar nan filin cike yake, kuma tamfol uku na gaba na Raliya ne, matar Mudassiru.

Can a bakin babban kanal kuma akwai Bilya, mai murɗa ƙarfen ƙofar ruwa. Tsakaninmu da shi da nisa, murya ba ta kaiwa, saboda haka da hannu ake magana da shi. In ka ɗaga hannu ɗaya ka kaɗa, a ƙara ruwa ke nan, sai ya murɗa sau ɗaya. In ka gicciye hannu biyu a sama, a rufe. Bilya mutum ne mai bin umarni yadda aka ba shi, kuma muna dawowa daga Kura Mudassiru ya biya ya ja masa kunne: daga yau kada ya dubi hannun kowa sai wanda ya ga ƙarfe yana walƙiya a jikinsa.

Baba Badamasi ya ce Mudassiru ya tashi ya kare kansa kan abin jiya. Gogan ya ƙi tsayawa a ƙasa, ya haye kan gaɓar kanal don kowa ya gan shi. Ya ɗaga dama sama yana kaɗawa, rana tana dukan ƙarfen.

"Jama'a, abin da ya faru jiya darasi ne na shirya muku. Yanzu ku dubi agogon nan. Kun ga yadda ake ba shi abinci? Haka. Haka. Wannan sirri ne da ko a Kano ba kowa ya sani ba."

Kowane "haka" ɗaya, Bilya yana murɗawa sau ɗaya. Mu ba mu lura ba, hankalinmu yana kan mai jawabi. Da dama ta gaji sai ya kwance ya mayar hagu, ya ce a shaida adalcinsa, ya ci gaba da kaɗawa. Ni na fara jin sanyi a ƙarƙashina. Na duba, tabarma ta jiƙe. Takalmin Baba Badamasi ƙafa ɗaya ya tashi ya kama hanyar Bunkure. Ruwa ya tsallake gaɓa ta wuri uku, ya miƙe zuwa kwarin shinkafa.

Mata suka tashi da salati, kowace tana jan tamfol ɗinta. Maza suka miƙe suna gicciye hannuwa a sama, mu goma har da liman, amma Bilya ko gezau, tunda babu ƙarfe a hannun kowa. Baba Badamasi ya daka tsawa, "Sauke hannun nan, ka gicciye su."

"Baba, in na tsaya zai mutu."

"Gara shi da mu."

Raliya ba ta tsaya jan tamfol ba. Ta taho da matankaɗin shinkafa a hannu, zani a jiƙe har gwiwa, tana cewa, "Malam, kwana biyu ina kan wuta da shinkafar nan." Mudassiru ya ga abin da yake tafe, ya ja da baya taki ɗaya, gaɓa kuwa ta riga ta yi laushi. Sai ji muka yi tsulum. Ya nutse har wuya, amma don kada agogo ya jiƙe sai ya miƙe hannun sama iyakar ƙarfinsa, yana kaɗawa yana neman ceto. Daga nesa Bilya ya hango ƙarfe yana walƙiya babu tsayawa, ya ce lallai yau ana cikin tsananin buƙata, ya murɗe ƙofar har ƙarshe.

Ni na hau babur na je na gaya wa Bilya da baki. Kafin mu dawo an tsamo Mudassiru da sandar Baba, an zaunar da shi a kan tudu, gansakuka a kansa. Shinkafa tamfol tara ta jiƙe, komayen mutum huɗu sun zama tafki, albasata da ta kwana bakwai da ƙishi ta sha na wata guda a zama ɗaya. Duk garin ya fito kallo. Agogo kuwa yana ta tafiya tsaf, ko daƙiƙa bai ɓata ba.

Baba Badamasi ya tsaya da takalmi ƙafa ɗaya ya ce, "Na duba, agogo ba shi da laifi. Riga da usur na Bilya ne, shi ne mutum ɗaya a nan da ya yi abin da aka ce masa. Kai kuma Mudassiru, zaɓi biyu. Ko ka yi kwana uku kana juya shinkafar matan nan da hannunka har ta bushe, ko ka bar agogon a wurin Bilya har a yi girbi."

Mudassiru ya dubi tamfol tara, ya dubi rana, ya dubi tafin hannunsa. Bai daɗe yana tunani ba. Ya kwance agogon ya miƙa, wannan karon da dama, ya ce da ma ya yi niyyar ba da shi sadaka ga al'umma. Raliya ta ce ita nata ukun sai ya juya su, ko da agogo ko babu.

Bilya ya karɓa yana jujjuya shi. Mudassiru ya share ruwa daga fuska, ya gyara murya, don har yanzu yana ganin akwai sauran ilimin da zai bayar.

"To Bilya, saurara in koya maka, abin ba na wasa ba ne. Sai ka zauna ka yi nazari, a hannun da ya fi aiki ake ɗaurawa. Kai wanne za ka zaɓa?"

Bilya ya zura shi a wanda ya fi kusa, ya danna maɓalli, ya ce, "Ni duka biyun suna aiki."